Zama na Uku Don Karatun Likita: Wace Ƙofa ce Ta Rufe?

Bayan sallar isha'i yayana ya turo min 'yarsa. Ta yi sallama, ta zauna a gefen tabarma, ta miƙo min wayarta mai tsagaggen gilashi ba tare da ta ɗago kai ba. Saƙon sakamakon JAMB ne guda biyu, na bara da na bana, ta adana su wuri ɗaya. Na farko 238, na biyu 251. Sau biyu tana neman karatun likita, sau biyu sunanta bai fito ba, sai dai a wannan karon jami'ar ta yi mata tayin wani fannin kimiyya daban.

"Baffa," ta ce, "Abba ya ce duk abin da ka yanke shi ke nan. In karɓa ne, ko in sake?"

Shekaru na yi ina koyar da Kimistiri a sakandare a nan Bauchi, kuma wannan tambaya tana zuwa min duk shekara. Iyaye kan so a amsa musu da kalma ɗaya. Wasu su ce "ta sake mana, ai rabo ne bai zo ba", wasu su ce "sau biyu ai ya isa, Allah bai yi ba". Dukansu suna faɗa ne da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi inda yarinyar ta maƙale. Hanyar shiga karatun likita ƙofofi ne a jere, kuma sake zama JAMB ɗaya kawai yake iya buɗewa a cikinsu.

Bari mu fara kawar da wani tsoro da yake yawo a tsakanin yara. Hukumar JAMB ba ta ƙayyade wa kowa sau nawa zai zauna ba, kuma jami'a ba ta rage wa ɗalibi maki don wannan ne zamansa na uku. Sakamakon kowace shekara na wannan shekarar ne kaɗai. Idan zagayen ɗaukar ɗalibai ya wuce, ya mutu. Wannan yana da daɗi ga wanda ya faɗi bara, domin babu tabon da zai bi shi. Yana kuma da ɗaci ga wanda ya ci maki mai kyau bai samu gurbi ba, domin ba zai iya ajiye shi ba, sai ya koma ya faro daga sifili tare da sababbin 'yan aji shida da karatu yake da ɗumi a kansu.

To mene ne maki mai kyau? A nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Suna jin an sanar a rediyo cewa mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, kamar yadda aka tsayar a 2025, sai uba ya dubi 240 ɗin ɗansa ya ce ai ya wuce da 90. Wannan 150 ɗin bakin ƙofar jami'a ne gaba ɗaya, ba shi da alaƙa da ajin likitoci. Jarrabawar maki 400 ce, darussa huɗu, kowanne 100: Ingilishi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji ga mai neman likitanci. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka samu 250 zuwa 299 sun ɗan haura dubu 73, waɗanda suka kai 300 zuwa sama kuwa wajen 12,400 ne. Ke nan yarinyar da ta ci 251 tana cikin kashi 5 na sama a irin wannan shekara. Ba daƙiƙiya ba ce, kuma zalunci ne a bari ta ɗauki kanta haka. Matsalar ita ce a cikin wannan 'yar tsirarun ne masu neman likitanci suka yi cincirindo.

Kujerun kuma ba jami'a ce take yanke yawansu yadda ta ga dama ba. Hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita take ba kowace kwalejin likitanci adadin da za ta ɗauka, bisa yawan malamanta, ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Dalilin a fili yake: ana iya cusa ɗalibai 500 a ɗakin lacca su saurari tarihi, amma ba a iya tara mutum 50 a kan gadon majinyaci ɗaya su koyi sauraron ƙirji. Gwamnatin tarayya ta sanar da ninka gurabun karatun likita daga 5,000 zuwa 10,000, kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Buƙata tana nan, ƙarin ma an yi. Amma ko da kujeru 10,000 ɗin sun cika, a raba su ga ƙasa mai jihohi 36 a gani. Idan aji ya cika, ya cika, ko da na gaba a layi ya gaza da rabin maki ne kawai.

A yankinmu an samu sauƙi idan aka kwatanta da da. A zamanin yayyenmu, ɗan Bauchi ko Gombe mai son likitanci sai ya nufi Zariya, Maiduguri, Jos, Kano ko Sakkwato. Yanzu akwai kwalejin likitanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da asibitin koyarwarta a cikin gari, akwai ta Jami'ar Jihar Gombe da take horar da ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, sannan a 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Sai dai su ma masu nema sun ƙaru, domin duk gidan da yaro ya iya Bayoloji an riga an fara kiransa "Dakta" tun yana aji huɗu.

Yadda ake raba kujerun ma abin sani ne. A jami'o'in tarayya, kashi 45 na masu maki mafi yawa ne daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 na jihohin da aka keɓe wa jami'ar a matsayin yankinta, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Bauchi da Gombe duk suna cikin wannan jeri. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiharta take fifitawa, tana kuma duba ƙananan hukumomi. Ma'anar wannan ita ce maki ɗaya ba darajarsa ɗaya ba a ko'ina. Makin da zai shigar da ɗan wata ƙaramar hukuma a jami'ar jiharsa ba zai ko kai shi bakin layi ba a wata tsohuwar jami'ar tarayya da duk Arewa ke rububinta. Na sha ganin yaro ya sake jarrabawa sau uku yana zaɓar jami'a ɗaya tilo, saboda can yayansa ya yi, ko saboda sunanta ya fi daɗin faɗa a gidan biki. Wannan yaron ba ƙarin maki ne babbar buƙatarsa ba. Kuma a karatun likita zaɓi na farko ne kawai yake da amfani. Jami'ar da ka sa a na biyu ta ƙoshi da waɗanda suka sa ta a farko.

Sai ƙofar da ta fi cin mutane a ɓoye, wato takardar WAEC ko NECO. Ana buƙatar kiredit a Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna sharɗanta wa mai neman likitanci ya same su a zama ɗaya, ba a haɗa takardu biyu ba. Wasu kuma suna mayar da darajojin maki: A1 yana da nasa, B3 nasa, C6 nasa, a tara a zuba cikin jimilla. Yaron da ya haɗa WAEC da NECO, ko wanda takardarsa ta cika da C5 da C6, zai iya shekara uku yana ƙara maki a JAMB alhali ramin yana wani wuri. Akwai ma waɗanda ba a ɗora sakamakonsu na sakandare a shafin JAMB ba, ko mai shagon kwamfuta ya ɗora ba daidai ba. Tun da aka kawo CAPS a 2017, wato tsarin da JAMB take tantance ɗaukar ɗalibai da shi a intanet, duk gurbin karatu ta nan yake bi, kuma wanda takardarsa ba ta hau ba, tamkar bai nema ba ne. Na san wani ɗalibina da hakan ta faru da shi. Gida aka yi ta cewa an sayar da gurbinsa, an yi ta Allah ya isa, sai daga baya aka buɗe shafin aka tarar wurin sakamakon yana nan fayau.

Ba ina cewa babu alfarma da sanayya ba. Akwai, kuma duk wanda ya ce babu bai zauna a ƙasar nan ba. Amma idan muka jingina komai a kan "ba mu da kowa", mun rufe wa kanmu ido daga abin da yake hannunmu.

Ga kuma jarrabawar tantancewa da jami'a take yi bayan JAMB. An soke ta a 2016 lokacin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, aka dawo da ita a 2017, kuma tun daga nan kowace jami'a da salonta: wata ta yi jarrabawa a kwamfuta, wata ta tsaya a duba takardu ta yi lissafi. Bari in buga misali da jami'ar da take raba jimilla biyu, rabi JAMB rabi tata jarrabawar. Za a raba makin JAMB gida 8 don ya koma bisa 50. Mai 280 ya samu 35, mai 250 ya samu 31.25. Tazarar maki 30 da aka shekara ana wahala a kai ta koma ƙasa da 4. Idan mai 250 ya ci 72 bisa 100 a tantancewa, ya ƙara 36, jimillarsa 67.25. Idan mai 280 ya saki jiki ya ci 60, ya ƙara 30, ya tashi da 65. An wuce shi. Yaranmu suna kashe wata shida a kan JAMB, su kashe kwana uku a kan wannan, alhali nauyinsu a ma'auni ɗaya ne.

To yanzu mu dawo kan ainihin tambayar: sake zama yana ƙara wa mutum dama? Abin da na gani a aji shi ne zama na biyu yakan zo da ƙari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A karon farko yaro yana fama da abu uku lokaci guda: shirin WAEC, shirin NECO, da tsoron kwamfuta. Akwai yaran ƙauyukanmu da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta da niyyar aiki, ga tambayoyi 180 cikin awa biyu, ga agogo yana ƙirgawa a kusurwar allo. A karo na biyu wannan tsoron ya tafi, ya san yadda ake tsallake tambaya mai wuya a dawo mata, ya san ba a zama a kan lissafin Fiziks ɗaya minti biyar. Wannan ƙarin kusan kyauta ne, sabo ne ya kawo shi.

Amma kyauta ce ta sau ɗaya. A zama na uku babu sauran ribar sabo da za a ci. Abin da ya rage sai ilimin kansa. Idan yaro bai fahimci yadda ake lissafin mol a Kimistiri ba, ko ya bar makaranta ba a taɓa koya masa wutar lantarki a Fiziks ba saboda babu malami a zangon, haddar tsofaffin tambayoyi ba za ta cike wannan gurbi ba. Zai yi ta yawo a wuri ɗaya, bana 245, baɗi 255, wata shekara 240. Irin wannan hawa da sauka na maki 10 ko 15 ba ci gaba ba ne, ba kuma koma baya ba ne. Sa'ar tambayoyin da suka faɗo masa ce a ranar. Shi ya sa nake gaya wa iyaye kada su ga an tashi daga 238 zuwa 251 su ɗauka baɗi 264 ne, kamar ana hawa matakala.

Kuma zaman gida yana cin karatu. Wata uku na farko akwai zafin rai, an sayi littattafai, an shiga lesin. Daga nan sai a fara "tunda kana gida, je ka tsare shago", "tunda kina gida, ɗora mana tukunya". Abokai sun tafi makaranta suna turo hotuna, shi yana kwana da waya a hannu. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi, domin kowace shekara ta ƙaru, maganar aure tana ƙara ƙarfi a tsakar gida, gwaggo ta ce wannan, inna ta ce wancan. Wannan yana ci min rai ƙwarai, domin mu ne muke kuka a asibiti cewa matanmu ba su samun likita mace, mu ne kuma muke ƙosawa da yarinyar da take ƙoƙarin zama ita. Karatun shekara shida ne idan babu yajin aiki, kuma a 2022 kaɗai yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas. Bayansa ga shekarar horo a asibiti, ga bautar ƙasa. Duk shekarar da aka ƙara a gaba, sai an biya ta a baya.

Saboda haka ni ga inda na tsaya. Zama na biyu, ga yaron da ya kusa, ina goyon baya ba tare da jinkiri ba. Zama na uku kuwa sai da sharaɗi: a san ƙofar da ta rufe, a kuma nuna min abin da zai bambanta bana da bara. In takardar sakandare ce, a sake ta. In zaɓin jami'a ne, a canza. In darasi ɗaya ne yake jan sauran ƙasa, a nemo malamin wannan darasin, ba lesin ɗin mutum 100 a aji ɗaya ba. Idan amsar ita ce "zan dai ƙara ƙoƙari", to wannan shekarar bara ce za a maimaita. Kuma ko za a sake, ba na son a sake daga kan katifa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ɗalibin da ya karɓi wani fanni yana iya sake zama JAMB yana cikin makaranta, muddin ya bayyana wa hukumar matsayinsa da gaskiya, ya kuma san in ya samu sabon gurbin sai ya saki tsohon. Wanda yake shekarar farko a jami'a a fannin kimiyya, Fiziks da Kimistiri da Bayoloji yake karantawa kullum, a mataki sama da na JAMB. Ya fi na gida shiri nesa ba kusa ba.

Sai dai a yi hattara da maganar da ake yi wa yara ta "karɓi wannan, in ka shiga sai ka canza". Canjin fanni zuwa likitanci daga ciki abu ne mai wuyar gaske, saboda adadin nan na MDCN bai san da wannan alkawari ba. Wanda zai karɓi fanni ya karɓi wanda zai iya rayuwa da shi ko canjin bai yiwu ba.

Akwai wasu hanyoyin. IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, tana kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye idan ya ci sosai, haka ma wanda ya gama digiri mai kyau a fanni makusanci yana iya nema ta wannan hanya. Amma kujerun da ake warewa kaɗan ne, ba gajeriyar hanya ba ce. Masu hali suna kai 'ya'yansu jami'o'in kuɗi ko ƙasashen waje. Mun ga yadda yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dawo da ɗalibanmu gida da karatu a rataye, kamar yadda na Yukiren ya yi a 2022, kuma duk wanda ya gamo a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a nan.

Tambayar da ba a cika yi wa yaran ba ita ce: me kake so a cikin likitancin? Wani zai ce yana son taimakon marasa lafiya. To asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Wanda ya taɓa jinya ya san da ƙarfe biyun dare ma'aikaciyar jinya ce a kansa, ya san sai mai gwajin jini ya faɗi abin da ya gani kafin a rubuta magani, sai mai haɗa magunguna ya duba kafin a sha. Aikin jinya da unguwarzoma, harhaɗa magunguna, gwaje-gwaje, ɗaukar hoto, gashin ƙashi, duk sana'o'i ne masu lasisi da mutunci, ga kwalejojin jinya a Bauchi da Gombe, ga na kimiyyar lafiya a Ningi da Kaltungo. Ba na faɗar wannan don a rarrashi wanda ya rasa. Wasu yaran da gaske nan ne wurinsu, sunan "Dakta" ne da aka liƙa musu tun suna ƙanana ya hana su gani. Wasu kuwa likitancin ne a ransu har ƙashi, ka ga idonsu ka sani. Irin waɗannan ba ni da zuciyar ce musu su haƙura a kan zama biyu.

Da na gama duba saƙonnin 'yar yayana, sai na ce ta karanto min makin darasi-darasi. Bayoloji da Kimistiri duk sun haura 70 a shekarun biyu. Ingilishi yana tsakiya. Fiziks kuwa bara 44, bana 46. Ƙarin da ta samu kusan duk daga darussan da ta riga ta iya ne. Shekara guda ta yi tana gudun wanda take tsoro.

"Wa ya koya miki Fiziks a aji biyar?" na tambaye ta.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baffa, ɗan bautar ƙasa ne, da ya tafi ba a kawo wani ba sai da muka shiga aji shida."

Na ce ta kawo min takardar NECO ɗinta gobe in ga ko zama ɗaya ce, ta kuma bar tayin nan a buɗe kada ta danna komai tukuna, akwai sauran kwanaki. Na ɗauko wani tsohon littafin Fiziks daga kan kantar littattafai, bangonsa ya rabu an ɗaure shi da salatif, na buɗe babin motsi na zaɓi tambaya biyar. Na ce ta yi su a daren nan ba tare da ta duba amsa ba, ta rubuta duk matakin da ta bi ko da ta san kuskure ne, da safe bayan ta gaida Abbanta ta kawo min mu zauna a kai.